A Hannun Wa Za a Bari?

A Birik, unguwar da takardun hukuma ke rubutawa Briqueterie, ba da lambar gida ake neman mutum ba. Baƙon da ya sauko daga jirgin ƙasan Ngaundare da safe, abin da zai ce wa mai tasi bai wuce a kai shi wajen babban masallaci ba. Daga nan kuma aiki ya koma na ƙafa da baki. Ka wuce masu tsire, ka gangara inda teloli ke jere, ka bar kwata a hagunka, ka tambayi shagon Alhaji wane mai shadda, shi zai haɗa ka da yaro. Kome tsawon kwatancen, a kan mutum yake tsayawa. Mutumin nan na ƙarshe kuwa sau da yawa ba shi ake nema ba. Shi dai ya yarda ne a zo wurinsa a tambayi wani, ko a bar masa kayan wani.

Unguwar ta samo sunanta daga wurin gasa tubali na zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansani a Yawunde a 1889. Ewondo masu ƙasar kuwa Ekudu suka san wurin. Fatakenmu sun gangaro ta Adamawa neman hauren giwa da goro da danƙo, wasu suka juya, wasu suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Gashin tubali ya daɗe da mutuwa, hayaƙin tsire ya gaje shi, sunan dai yana nan.

Duk inda fatake suka yi zango mai nisa da gida, daga Salaga zuwa Sabon Ibadan zuwa nan, akwai mutum guda da harkar ba ta tafiya sai da shi: mai masauki, fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Abner Cohen ya yi dogon bayani a kan waɗannan masu gida na Sabo a binciken da ya fitar a 1969, amma kowane tsoho a Birik zai ba ka labarin ba tare da ya buɗe littafi ba. Wasiƙar ajami da aka rubuto daga Kano ko Garwa ba ta neman falke a inda yake, domin falke ba shi da inda yake. Yau yana nan, gobe ya nausa daji. Gidan mai masaukinsa take zuwa ta jira shi. Ko da gidan waya ya zo, bai sauya tsarin ba, tunda a Kamaru ba a bin gida gida da wasiƙa, akwati mutum ke kamawa a ba shi lamba da mabuɗi. Attajiri guda zai kama akwati, layi guda ya riƙa cin moriyarsa. A bayan ambulan sai a rubuta sunan mai wasiƙa, a biyo da s/c, sannan sunan Alhajin. Mu dai abin da muke cewa shi ne "ta hannun".

Wannan "ta hannun" ɗin ita ce ƙashin bayan imel. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson na kamfanin BBN, yana neman yadda saƙo zai tashi daga wannan kwamfuta ya sauka a waccan. Ya buƙaci alamar da za ta raba sunan mutum da sunan na'urar da ke karɓa masa, alamar da ba ta fitowa a sunan kowa, sai ya ɗauki @. Abin da ke hagunta kai ne, abin da ke damanta mai masaukinka ne. Wanda ya ba ka adireshin imel ɗinsa bai gaya maka inda yake ba ko kaɗan. Ya gaya maka wanda ya amince ya karɓa masa ne kawai.

A nan ne mutane da yawa ke haɗa abu biyu su mai da su ɗaya. Akwai abin da ke hannunka, manhajar da kake taɓawa a waya ko kwamfuta, Gmail ce ko Outlook ko Thunderbird ko shafin Yahoo da ake buɗewa a burauza. Aikinta rubutu da karatu da kai-kawo. Akwai kuma sabar, wadda wasu ke kira uwar garke: kwamfuta ce da ba ta barci, tana zaune cikin wani gini mai sanyi da ba za ka taɓa gani ba, ita ke karɓa, ita ke ajiyewa, ita ke miƙawa. Idan ka danna "aika", wayarka ba ta san hanyar gidan abokinka ba, kuma ba ta nema. Sabar gidanku take kai wa, ta nuna kalmar sirri don a tabbatar ɗan gida ne, ta miƙa, ta koma. Sabar ita za ta dubi abin da ke daman @, ta tambayi kundin sunayen intanet, DNS, wace na'ura ce ke karɓar wasiƙun wannan gida. Amsar tana cikin wani layi da ake kira MX. Gida mai hankali yakan rubuta na'ura biyu ko uku, in ta farko ba ta amsa ba a ƙwanƙwasa ta biyu.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi burge ni, kuma tun 1982 da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP bai sauya sosai ba. Na'urorin biyu hira suke yi, layi bi layi, da rubutun da mutum zai iya karantawa. Ta gida ce ke fara magana, ta faɗi sunanta, ta ce a shirye take. Baƙuwar ta yi sallama da kalmar HELO, ko EHLO a sabon yayi, ita ma ta faɗi sunanta. Sannan ta ce daga wane na zo. A amsa mata da 250, wato na ji. Ta ce wurin wane aka aiko ni. A nan ta gida za ta duba ko tana da mai wannan suna. In akwai, 250 kuma. Sai baƙuwar ta nemi izinin sauke kaya, a ba ta, ta zube wasiƙar baki ɗaya, ta rufe da ɗigo guda tilo a layinsa. Ta gida ta sake cewa 250. Wannan 250 ta ƙarshe ba irin na baya ba ce. Ƙa'idar ta ce daga lokacin da sabar ta furta ta, nauyi ya koma wuyanta: ko ta isar da wasiƙar, ko ta sanar da mai ita cewa abin ya gagara. Ba ta da izinin yarwa ta yi shiru. Injiniyoyi suna da nasu sunan, amma duk wanda ya taɓa miƙa wa direban Garwa ƙunshi ya ji ya ce "na karɓa" ya san amana ce aka ɗauka.

Ƙin karɓa ma hawa biyu ne. Amsar da ta fara da 4 tana nufin ba yanzu ba, a dawo anjima; sabar mai aike za ta riƙe wasiƙar ta yi ta komawa, har kwana huɗu ko biyar kafin ta haƙura. Wadda ta fara da 5 kuwa ta yanke magana: babu mai wannan suna, ko ba ma karɓa daga gare ku. Kowace sabar da wasiƙa ta ratsa kuma tana rubuta sunanta da lokaci a goshinta, sabon a kan tsohon. Manhajoji suna ɓoye waɗannan layuka, amma suna nan, wanda ya buɗe ya karanta daga ƙasa zuwa sama zai ga duk hannun da ta bi.

Hausa ba ta taɓa haɗa "na aika" da "ya isa" ba, kuma ba ta haɗa "ya isa" da "ya gani" ba, balle "ya ji". Tsakanin kowanne da na gaba akwai mutum, akwai hanya, akwai mantuwa. Shi ya sa ake bin saƙo da tambaya, "Yaron ya kawo kuwa?", shi ya sa aka ce zuwa da kai ya fi aike. Waya ce ta lalata mana kunne. Ta rubuta "an aika" cikin ƙiftawar ido, mu kuma mu ɗauka magana ta ƙare, alhali abin da ya faru bai wuce wasiƙa ta bar hannunmu ta shiga hannun mai masaukinmu ba.

Wani tela a layinmu, dattijo mai ɗinkin manyan riguna, ya so ya yi wa ƙofar shagonsa dandamalin katako. Ɗan ƙanwarsa da ke karatun gini a Turai ya ce a auna wurin a turo masa ta imel tare da hotuna, zai zana. Yaron shago ya rubuta adireshin kamar yadda ya ji shi a waya, ya aika. Ba a jima ba amsa ta dawo da Turanci, daga wani MAILER-DAEMON. Dattijon ya miƙo mini wayar.

"Malam, duba mini. Wane ne kuma wannan? Abokin yaron ne?"

"Ba mutum ba ne, Baba. Na'ura ce take cewa babu mai wannan suna a gidan."

"Babu shi kamar yaya? Ni na yanka masa ragon suna."

Ga 550 nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar saƙon. Yaron shago ya rubuta Usmanu ne yadda muke rubutawa da boko, mai sunan kuwa da rubutun takardar haihuwarsa ya buɗe akwatin, Ousmanou. A Birik kowa yana yawo da sunansa kala biyu ko uku: na allo, na Faransanci, na bokon Najeriya. Alhaji mai shadda da an ce masa Usmanu ko Ousmanou ko Shehu ko Mani, murmushi zai yi ya ce ai ɗan gidan wance ne, a ajiye. Sabar ba ta san "ai shi ne" ba. Harafi take ƙirgawa. Harufan ma na Ingilishi aka gina ta a kansu, shi ya sa har yau da wuya ka ga gidan da zai yarda ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a adireshi, ko da yake cikin wasiƙar suna wucewa lafiya tun da UTF-8 ta yaɗu. Ɗanladi dole ya bar lanƙwasarsa a bakin ƙofa.

Sa'ar dattijon ita ce babu wani Usmanu mai irin wannan adireshi a wancan gida. Da akwai, da 250 za a amsa, hotunan shagonsa su faɗa hannun baƙo, shi kuma ya zauna jiran zane. Manya ma abin yana cin su. A watan Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin miliyoyin wasiƙun sojan Amurka da suka yi shekaru suna nufar Mali, saboda masu rubutu suna mance harafi guda, .mil ta koma .ml. Mu ma nan .cm ɗinmu harafi guda ne tsakaninta da .com.

Zanen ya zo daga baya, mai kyau, da ma'auni har na milimita. Kafintan da aka kira, Bamileke ne da ya daɗe yana aiki a unguwar har Hausa ta zauna a bakinsa, ya dube shi ya ce, "Alhaji, yaron ya iya zane, amma bai tuna ruwan Oktoba ba." Yawunde gari ne na tuddai, Birik kuma a gangare take. A arewa dakalin ƙasa ko na siminti ake yi a ƙofar gida a shimfiɗa tabarma, shi ke nan. A nan damina biyu ce a shekara, ja-jar ƙasa tana narkewa, kuma tsakanin shago da hanya akwai kwata da ke cika ta yi ambaliya. Saboda haka dole dandamali ya tsaya da ƙafafu, na wajen hanya su fi na wajen bango tsawo, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi.

Na tsaya na ga yadda ya yi. Bai binne ƙafar katako a ƙasa ba. Ya haƙa ramuka ya zuba kankare, ya dasa ƙarfe a ciki, ya ɗora ginshiƙan a kai yadda gindinsu ba zai taɓa laima ba, domin ta gindi ruɓa da gara ke shiga. A kan ginshiƙan ya ɗora manyan katakai biyu, a kansu ya jera ƙanana kamar azara, tazarar da ba ta kai kamu guda ba, sannan ya shimfiɗa allunan da za a taka. Tsakanin allo da allo yakan soka ƙusa ya bar 'yar kafa, don ruwa ya zurare, katako kuma ya sami wurin kumbura. Ya ɗan karkatar da shimfiɗar zuwa waje, kaɗan yadda ido ba zai gani ba, kwalba dai za ta mirgina. Duk inda zarto ya yanka sai ya shafe bakin da baƙin mai.

Rigimar da aka yi a kan katako ce. Dattijon ya so ayus, fari ne, ga araha ga sauƙin aiki. Kafinta ya ce ayus na rufin ɗaki ne da kwalin zuba kankare, a waje damina biyu ba zai gani ba. Azobe shi ne sarki, da shi ake gadoji da shimfiɗar layin dogo, amma nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa, ƙusa kuma lanƙwashewa take a jikinsa sai an fara hudawa. Aka daidaita a kan loko a sama, paduk mai jan jiki a ƙafafu. Abu ɗaya kafintan ya kafe a kai: sukuru da noti zai sa, ba ƙusa ba. Dattijon ya ce tsada. Shi kuwa ya nuna hanya da haɓa ya ce, "Alhaji, nan ba naka ba ne. Ranar da aka ce a ɗaga, gara ka kwance kayanka da ka tsinci itacen wuta."

Ba wanda ya musa masa. Mutanen Yawunde ba su mance shekarun Gilbert Tsimi Evouna a shugabancin birnin ba, lokacin da jan fenti a bango ke nufin katafila tana tafe. Duk da haka, da aka gama aikin, dattijon "dandamalina" yake cewa, maƙwabta ma "dandamalin Baba" suke cewa, kuma ba ƙarya suke yi ba. A kansa yake yanka yadi da rana, a kansa ake shan shayi bayan isha, a kansa masu tafiya arewa ke barin ƙunshi a ba wane. Katakon nasa ne, zaman nasa ne, ƙasar da ke ƙarƙashi ta gari ce.

Da irin wannan bakin muke cewa "akwatina". Hausa ba ta da rowar wannan ɗafi: rigata, garinmu, malamina, ranata, duk da ɗafi iri ɗaya muke jawo su jiki, alhali rigar ce kaɗai za mu iya sayarwa. Akwatin imel yana can ɓangaren garinmu da malamina. Masu ƙera abin sun daɗe suna jan wannan igiya. Tsohuwar hanya, POP, wadda ta fito a 1984, cewa take ka zo ka kwashe wasiƙunka ka kai kwamfutarka, a share na wurin sabar. Kaya sun zama naka, in kwamfutar ta ƙone kuma sun ƙone. IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Stanford a 1986, ta bar kome a wurin sabar, kai dai leƙawa kake, daga waya ko daga ofis, abu ɗaya za ka gani. Salon barin kome a wurin sabar shi ya yi rinjaye, kuma mu nan ba mu ma san wani ba. Mun shiga imel ne ta shagunan intanet na farkon shekarun 2000, inda ake biyan kuɗin awa a buɗe yahoo.fr a kwamfutar haya. Wanda ba shi da kwamfuta ina zai kwashe ya kai? Hotmail ta 1996 da Yahoo ta 1997 da Gmail ta 2004 sun zo daidai da talaka: ɗaki kyauta a gidan mai arziki.

Sai dai ɗakin kyauta da sharaɗinsa. A 2013 Yahoo ta sanar cewa sunayen da suka shekara ba a taɓa ba za ta sake su wasu su ɗauka. A 2023 Google ta ce akwatin da ya shekara 2 ba a buɗe ba tana iya share shi da abin da ke ciki. Ban ga laifinsu ba, babu mai masaukin da zai rufe ɗaki har abada don baƙon da ba ya aike. Abin da ke damuna namu ne. Yanzu da WhatsApp ya kwashe hira, imel ya zama na neman biza da makaranta da tayar da sabuwar waya. Mutum zai sayi waya a Avenue Kennedy, yaron shagon ya buɗe masa Gmail a tsaye, ya zaɓa masa suna da kalmar sirri, ya miƙa masa. Lambobin abokan cinikinsa da hotunan 'ya'yansa duk su taru a akwatin da bai san sunansa ba, mabuɗin kuma yana kan wani yaro da ya mance shi kafin la'asar. Kakansa ba zai taɓa barin buhun goro guda a gidan da bai san mai shi ba.

Gidan ma ba kusa yake ba. Wasiƙar da ta tashi daga Birik zuwa Tsinga, tafiyar da yaro zai yi a ƙafa kafin shayi ya huce, in akwatunan na Gmail ne ko Yahoo sai ta gangara bakin teku, ta bi wayoyin ƙarƙashin ruwa da ke sauka a Duwala da Limbe da Kribi, ta kwana a wata ƙasa, sannan mai ita ya leƙa ta daga nan. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, mutane da yawa a yankin sun kasa buɗe akwatunansu. Wasiƙun ba su ɓata ba, suna can a ajiye. Masu su ne hanya ta yanke musu.

Imel yana da wata daraja da ba na so a raina. WhatsApp gida ɗaya ne, mai shi ɗaya, wanda ba ya ciki ba a kai masa saƙo. Imel kuwa ƙa'ida ce a fili: jami'a ko masallaci ko ƙungiyar teloli na iya sayen suna a ƙarƙashin .cm, ta kafa sabar, ta yi sallama da ta Google a amsa mata. A aikace abin ya yi wuya. Saboda ƙa'idar 1982 ta yarda da duk sunan da baƙo ya faɗa, 'yan damfara suka cika hanya da wasiƙun ƙarya, har aka ƙaro matakan tantancewa, SPF da DKIM da DMARC, manyan gidaje kuma suka koma kallon ƙananan da ba su sani ba da ido ɗaya. Amma ƙofar ba a toshe ta ba. Wanda kuma ba zai iya wannan ba, yana iya sa Thunderbird ta sauko masa da kwafin wasiƙunsa a kwamfuta, ya rubuta sunan akwati da mabuɗinsa a littafin da yake rubuta bashi. Gida biyu maganin gobara.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen rabon gado. A da, in falke ya rasu a hanya, mai masaukinsa ke fito da kayansa da wasiƙunsa gaban shaidu, ya faɗi wanda ke binsa da wanda yake bi. Yau malamai za su zauna su lissafa keken ɗinki da yadi da kuɗin da ke aljihu, har katakon ƙofar shago a yi masa kuɗi. Takardun odar shadda da rasit na kuɗin da aka tura Duwala ko Dubai kuwa suna cikin akwatin da magada ba su san da shi ba. In sun sani, sai a nemi lambar tantancewa, ita kuma a layin mamacin za a turo ta, layin da kamfanin waya kan karɓe ya sayar wa wani idan ya daɗe ba a yi amfani da shi ba.